Ummi aka ɗora a sikeli, ni aka samu da ciwo

Ranar da na kai Ummi rigakafin sati shida ban fita da wata fargaba ba. Mun yi arba'in da kwana biyu, an yi mini kitso da lalle, ƙanwata ta riƙe jaka, muka tari adaidaita sahu daga Gwammaja zuwa ƙaramin asibitin da ake yin allurar yara. Ƙarfe bakwai da rabi amma benci ya riga ya cika, kowace mace da kati a hannu da jariri a kafaɗa. Kafin allura sai an yi awo. Da layi ya zo kanmu aka ce in tuɓe mata komai har famfas. Malamar asibitin ta kwantar da ita a farantin sikeli, ta duba, ta ɗauke ta, ta tabbatar sikelin ya koma sifili, ta sake kwantar da ita. Wannan maimaicin shi ya fara faɗar mini da gaba.

Kilo 3.6. An haife ta da 3.1.

Ni a lokacin murna ma na so in yi, ai ta ƙaru. Malamar ta buɗe katin ta ɗiga biro, ɗigon ya sauka daidai kan layin ƙasa na zanen girman yaro. Ta ce jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar da shi kafin sati biyu, daga nan kuma in yana samun nono sosai yakan ƙara giram 150 zuwa 200 duk mako, wani ma ya fi haka. Ummi giram 500 ta ƙara a sati shida cur. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, don na ji yadda aka yi wa wata tatas a gabana kan ta ɓatar da kati. Sai na ji ta ce, "Maman Ummi, miƙo hannunki." Ta juya tafina ta kalla. Ta ja fatar idona ta ƙasa. Ta sunkuya ta danna ƙaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗago ta ce, "Ke wa ya duba ki tun da kika sauka?"

Babu wanda ya duba ni. Ni ma ban duba kaina ba.

Haihuwar ba ta zo da wata tangarɗa ba sai a ƙarshe. Na kwana ina naƙuda, na sauka da asuba, mabiyiya ta fito, sai jini ya ɓalle. Abin da nake tunawa shi ne hannun ungozoma tana murza mini ciki da ƙarfi, da allura a cinya, da ledar ƙarin ruwa, da muryar wata tana cewa a ƙaro zani. Jinin ya tsaya. Da la'asar aka sallame mu, don akwai masu jiran gado. An miƙo wa Gwaggo takardar magani, an ce in dawo bayan mako guda. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce yarinya, kin zubar da jini mai yawa, ga abin da zai iya biyo baya. Amma ba zan ɗora musu duka ba. Takardar ta ɓace cikin kayan barka, ranar komawar kuma ta faɗo ana gobe suna, gida ya cika maƙil, wa zai ce mai jego ta fita? Daga baya na san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, a sake a kwana na uku, a sake tsakanin kwana 7 da 14, sannan a sati shida. Na farkon kawai na samu.

Da yake haihuwar fari ce, gidanmu aka wuce da ni wanka. Mutum uku suka karɓe ni: Umma, da Inna kakata, da Gwaggo wadda ita ce gwanar wankan jego a danginmu. Watan Afrilu ne, lokacin da ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka. Kafin kiran assalatu Gwaggo ta hura itace ƙarƙashin babbar tukunya. Ruwa ya tafasa, a juye a baho, a kawo damin ganyen darbejiya. Ina zaune kan 'yar kujera, ta tsoma ganyen ta fyaɗa mini a gadon baya, ta tsoma ta fyaɗa a ciki, a cinya, a kafaɗa, tururi ya turnuƙe banɗakin har ba na ganin fuskarta. In na yi ƙara ta ce, "Daure, ɗanyen jiki ne da ke, in bai gasu ba sanyi ya shige ki kin shiga uku." Bayan nan in shiga ruwan zafi da bagaruwa saboda ɗinki. In fito a miƙo mini kofin silba cike da kunun kanwa, sai na shanye ana tsaye a kaina. Da yamma a sake. Kullum haka, har kwana arba'in.

Tun a satin farko in na miƙe daga kujerar nan sai in ga duhu. Ran nan na dafa bango na sulale ƙasa. Aka yayyafa mini ruwa, Inna ta ce wanka ne yake shiga jiki. Kowa ya yarda, har ni.

Nono bai zo ba sai a rana ta huɗu. A wurin awon ciki an sha gaya mana cewa dakashi, wannan ruwan farko mai kauri da launin ɗorawa, shi ne rigakafin farko na yaro, kuma ɗan kaɗan ɗin nan ya ishe shi, don cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. Na ba ta, amma a sace. Inna ba ta yarda da shi ba. A zamaninsu, in ji ta, matse shi ake yi a zubar, a jira farin nono. Kafin ya zo sai aka riƙa ɗura wa Ummi ruwan ɗumi da cokali, wani lokaci da zamzam da wata ta kawo tsaraba. Daga nan cokalin ya samu wurin zama. Ko da nono ya zo, in ta yi kuka, cokali ne ya fi kusa.

Abin da ban taɓa jin an faɗa a wurin awo ba shi ne kunya. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Kunya biyu ke nan a kaina. Daga hantsi har bayan isha'i 'yan barka ba sa yankewa, ɗaki cike, yarinya tana yawo daga hannu zuwa hannu. In ta fara tsotsar hannu ina gani, amma ta yaya zan ce a miƙo mini ita a gaban dangin miji? Sai in kau da kai kamar ban san da ita ba, mata su yi dariya su ce ai wannan akwai alkunya. Sai ta yi kuka sosai Umma ta ce, "Ke karɓe ta mana," sannan in karɓa, in juya baya, in lulluɓe da mayafi, minti biyar in cire ta. Kan nonona ya tsattsage, duk kamun da ta yi sai na ciji leɓe. Da dare kuwa gajiya ta hana ni jin motsinta. Da na zauna da malamar muka ƙirga, bai fi sau biyar ko shida take sha a yini da kwana ba.

Abinci ma haka. Satin farko ba a magana: kauri, gasasshen nama da yajin jego, farfesun kaji. Ana watsewa daga suna, naman rago ya ƙare, aka koma tuwo da miyar kuka kamar kowa, kuma ba laifin kowa ba ne, kowa ya san kuɗin nama. Ni kuma bakina ya mutu. Kunun kanwa ya cika mini ciki da safe, da rana in tsakuri tuwo, da dare shayi da burodi. Ƙafafuna suka fara kumbura, fuskata ta yi fari ta ciko. Masu zuwa suna cewa jego ya karɓe ni, na yi haske na yi ƙiba.

Ummi kuwa yabo take sha. Ba ta da rigima, tana iya barcin awa biyar a jere, ko kukanta ba ka ji. "Wannan 'ya akwai haƙuri." Malamar ce ta fara tambayata sau nawa nake canza mata famfas. Na ce uku, wani lokaci huɗu, har ina jin daɗin leda ɗaya tana daɗewa. Ta ce yaron da yake ƙoshi yana jiƙa shida ko fiye a yini, fitsarin kuma fari-fari, ba ja ba. Ta ce wani haƙurin ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Maganar nan har yau in na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

Aka yi wa Ummi allurarta a cinya, aka ɗiga mata na baki, ni kuma aka tura ni ɗakin gwaji. Awon jinin da suke kira PCV ya nuna 25, alhali na mace lafiyayya yakan kai 36 zuwa sama. Zazzaɓin cizon sauro babu. Hawan jini 150 bisa 95, ni da duk tsawon goyon ciki bai taɓa hawa ba. Malamar ta rubuta takarda ta ce gobe-goben nan in je babban asibiti in ga likita, kuma kada in sake shan kunun kanwa ko kurɓi ɗaya kafin nan. Na ce ai an gama wanka. Ta ce, "An gama wanka, an daina dama kunun?" Ba a daina ba.

Washegari maigidana ya bar kasuwa ya kai ni. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta sa abin sauraro a ƙirjina da bayana, ta tambaye ni ko ina haki in na kwanta rigingine, filo nawa nake sawa, ko tari yana tashe ni cikin dare. Ta tura ni hoton zuciya. Ban gane dalili ba sai da ta yi mana bayani. Akwai wani ciwon da ke kama zuciyar mace a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa, zuciyar ta saki ta kasa tura jini, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi, don kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya kaya. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta a nan Kano ya nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki suna da hannu sosai. Ko ma wanne ya fi nauyi, in ji ta, macen da jininta ya hau kuma ƙafarta ta kumbura ba ta da abin yi da kanwa.

Kwana biyu muka jira hoton. A kwana biyun nan ne na ga tsoro a fuskar Umma. Sakamako ya fito, zuciyata lafiya lau. Aka ba ni maganin hawan jini wanda mai shayarwa za ta iya sha, da ƙwayar ƙarin jini da folik asid. Likitar ta ce wata uku zan yi ina sha ko da na ji sauƙi, don jini yakan dawo kafin rumbun sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi ya cika. Ta ce bayan gida zai yi baƙi, kada in tsorata, kuma kada in haɗiye ƙwayar da shayi don shayi yana hana ta shiga jiki, in sha da ruwa ko in bi ta da lemon zaƙi.

Maigidana ne ya yi tambayar da ke cin kowa a gida: "Likita, to nonon nata ne ba shi da kyau?" Ya riga ya sayo madarar gwangwani da bulumboti, suna cikin leda a mota. Amsar da ta ba shi ita ce ta warware mini komai. Ta ce nono ba ya lalacewa don uwa ba ta da jini. Jikin mace yana fifita yaro, zai ɗebo daga jikinta ya zuba a nono ko da ita za ta rame. Akwai dai wasu abubuwa, irin su bitamin A da B12 da aidin, da yawansu a nono yake bin abin da uwa ke ci. Amma babbar matsalata ba ingancin nonon ba ce, yawansa ne. Zubar jini mai yawa takan jinkirta zuwan nono. Rashin jini ya kawo kasala, kasala ta rage shayarwa, shi kuwa nono iya abin da aka tsotse iya abin da jiki zai sake haɗawa. Ga ruwa yana cike wa yarinya ciki ba tare da ya ba ta komai ba, ta ƙi tsotsa da ƙarfi, nono ya ƙara ja baya, ta ƙara rauni, ta ƙara barci. Ta ce a ajiye gwangwanin tukuna. A gyara shayarwa, a riƙa awo duk mako. In sati biyu suka wuce nauyi bai motsa ba, ita da kanta za ta ce a ƙara da madara, kuma da kofi, ba da bulumboti ba.

Kafin mu fita ta ce maigidana ya jira a waje. Ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi goma ta riƙa karanto mini da Hausa. A kwana bakwai da suka wuce, kina iya dariya kamar da? Kina ɗora wa kanki laifi ba dalili? Kina kuka? A tambaya ta uku na fashe.

Wannan ɓangaren ban taɓa gaya wa kowa ba kafin ranar. Tun bayan suna, in dare ya raba kowa ya yi barci, sai in zauna in yi ta hawaye ban san na mene ne ba. In kalli Ummi in ji ba na jin komai, kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo. Ina tsoron faɗa, don na san amsar: ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Ko a ce iska ce a kira mai ruƙiyya. Kunyar 'yar fari ta zame mini mayafi. Duk kau da kan da ake yaba mini, rabinsa ba kunya ba ce. Likitar ba ta yi mamaki ba. Ta ce ciwon damuwa bayan haihuwa sananne ne, fiye da mace ɗaya cikin goma na gamuwa da shi, rashin jini da rashin barci suna ƙara rura shi, kuma binciken da aka yi a Pakistan da nan Najeriya ya nuna jariran iyayen da ke cikin wannan hali sukan yi jinkirin girma. Ta ce nawa bai kai ga magani ba tukuna. Ta sa mini ranar dawowa bayan sati biyu, ta ce in bai sassauta ba za ta haɗa ni da likitan da ya ƙware a kai, in kuwa na taɓa jin tunanin cutar da kaina ko yarinyar, kada in jira ranar. Sannan ta ce in zaɓi mutum ɗaya a gida in gaya masa.

Umma na gaya wa, a tsakar gida, tana tankaɗe. Ba ta ce uffan ba. Da dare sai na ga ta shigo da tabarmarta da filo ta shimfiɗa a ɗakina.

Muka koma wurin malamar ƙaramin asibiti ta koya mini abin da na zaci kowace mace da shi aka haife ta. Ta ce in ba ta nono tana kallo. Ashe kan nonon kawai Ummi take kamawa, shi ya sa yake tsagewa, kuma ba ta samun komai sai wahala. Ta juyo da ita cikinta ya manne da nawa, ta ce in goga mata kan nonon a leɓen sama in jira sai ta wangame baki kamar mai hamma, sannan in jawo ta gaba ɗaya, ba in kai mata nonon ba. Haɓarta ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin ya shige bakinta. Zafin ya ragu nan take. Can sai na ji wani ɗan sauti, ƙut, ƙut. Malamar ta ce, "Kin ji? Haɗiya ke nan." Sati shida ina shayarwa ban san ana jin sa ba. Ta ce in bar ta ta gama da ɗaya kafin in juya ta, don na farkon fitowa ya fi ruwa, na ƙarshen ya fi maiƙo. Sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. In ta yi awa uku tana barci a tashe ta, a tuɓe mata kaya, a sosa tafin ƙafa. Bayan ta gama in tatsa a kofi mai tsafta a ba ta. Ruwa kuwa, ko ɗigo, sai ta cika wata shida.

A nan aka yi yaƙin. Inna ta ce ita ba za a yi wannan zalunci a gabanta ba. "A wannan zafin na Kano? Ko ɗan tsako ana ajiye masa ruwa a kasko." Da yake jika da kaka akwai wasa, ni na iya tanka mata abin da Umma ba za ta iya ba. Na ce, "Inna, malamar ta ce kusan kashi tara cikin goma na nono ruwa ne. Ni za ki ɗura wa, ita ta sha a jikina." Ta ce 'ya'ya tara ta haifa duk da ruwa ta raine su. Na buɗe baki zan ce nawa suka rayu, Allah ya taimake ni na haɗiye. Biyar ne. Umma ce ta kashe wutar, ta ce a gwada na asibitin sati biyu, in yarinya ba ta ƙaru ba a koma na Inna. Cokalin dai na ɗauke shi na jefa a jakata, don na san halin tsohuwata.

Aka soke yawon arba'in, aka ɗaga komawata ɗakina da wata guda. Maigidana bai ji daɗi ba da farko. Baba ne ya zaunar da shi a soro ya karanto masa aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku, ya ce masa kowa ya haddace farkonta, amma ci gabanta cewa ya yi ciyar da su da tufatar da su yana kan uban yaro. Kuɗin da zai tafi a madarar gwangwani ya koma cefane. Hanta sau biyu a mako, ƙwai, wake, busasshen kifi, kwaɗon zogale, alayyahu, lemo daga 'Yan Lemo in ya biyo ta Na'ibawa. Kunun gyaɗa ya maye gurbin na kanwa. Gishiri da dunƙule aka rage a tukunyata. Da dare Umma ce ke tashe ni, ta miƙo mini Ummi, in ta gama ta karɓe ta ta sa a kafaɗa, ni in koma barci. Da rana ƙanwata ta goya ta, a rufe mini ƙofa. In baƙi suka zo Umma ta ce mai jego ba ta jin daɗi. A gaban kowa kuma na koyi cewa a miƙo mini ita. Ranar farko da na faɗa a gaban yayar maigidana, sai da aka yi shewa.

Awon mako na farko 3.7. Giram 100 kacal. Na dawo gida ina kuka, Inna tana kallona ta gefen ido ba ta ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Amma famfas ya fara ƙarewa da wuri, kuma Ummi ta koyi rigima, kuka take da ƙarfi har maƙwabta na ji. Mako na biyu 3.95. Malamar ta zana layi tsakanin ɗigon biyu, ya ɗaga kai sama. Gwangwanin nan ba a buɗe shi ba, daga baya maigidana ya mayar wa mai kanti. A rigakafin sati goma 4.4. A na sati sha huɗu 5.2.

Nawa awon a hankali ya tafi. Bayan wata guda PCV ya kai 31, kumburin ya sauka, na iya hawa bene ban tsaya a tsakiya ba. A wata na uku ya kai 36, aka janye maganin hawan jini bayan an yi ta aunawa ana ganin ya zauna. Kukan dare bai tafi rana ɗaya ba, ya riƙa yin nisa ne tsakanin wannan da wancan. Ban san takamaiman ranar da Ummi ta daina zama 'yar riƙo a wurina ba. Na dai tuna wata safiya tana shan nono ta saki ta kalle ni ta yi murmushi, madara na bin gefen bakinta, na kira ƙanwata da ƙarfi ta zo ta gani.

Ba na cikin masu zagin wankan jego. Kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban wanke ko tsumma ba, mata uku suna tashi tun duhu saboda ni. Matan da suka haihu a ɗakin haya su kaɗai, miji ya fita tun safe, sun san darajar wannan. Abin da ya ba ni haushi shi ne duk wannan hidima an yi ta, an ƙona itace na dubban nairori, amma alamomin da ke fuskata ƙarara an karanta su a juye. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kashi 29 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, a jihar Kano kuma fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A bencin nan na rigakafi yanzu in na zauna, iyayen nake kallo. Katin yaro yana da gidan awo na kowane wata har shekara biyar. Katina na awon ciki ya ƙare ranar da na sauka.

Inna ce ta riƙe lissafin wata shida, da watan Musulunci take ƙirgawa, don haka nata ya riga na kati cika da 'yan kwanaki. Na ce ta ƙara haƙuri sai mun dawo daga awo. Ranar Ummi ta yi 6.7, aka ɗiga mata bitamin A, aka zagaya damtsenta da ɗan tef ɗin nan mai launi uku ya tsaya a kore. Aka ce a fara ba ta kunu mai kauri da gyaɗa da waken suya da ƙwai, a ci gaba da nono. Daga asibiti Gwammaja muka zarce. Muka tarar Inna ta yi wanka ta zauna a tabarma, gefenta 'yar jarkar zamzam da ta ɓoye tun watan Afrilu. Na buɗe jaka na ciro cokalin na miƙa mata. Ta karɓi Ummi ta ɗora a cinya, ta yi bisimilla, ta kai mata baki. Ummi ta yamutsa fuska ta furzar da shi a zanin Inna.

"Kin gani ko," in ji Inna, tana goge zani. "Kun hana ta har ta manta."